Yadda ake gyara hanyar mai da kafireton tsohuwar Land Rover ta soja

Ina magana ne a kan Series IIA da Series III masu injin fetur 2286cc, irin waɗanda aka yi gwanjonsu daga barikoki suka faɗo hannun mutane. Abin da nake gani kullum shi ne yaro ya samu motar tana tari tana mutuwa a silo, wato in inji na aiki ba a taka totur ba, sai ya ɗauko sukudireba ya hau murɗa sukurorin kafireto. Kar ka taɓa kafireto tukunna, daga tanki ake farawa.

Da farko cire kan batir, kuma ba sigari a wurin. Yawancin na soja tanki biyu gare su a ƙarƙashin kujerun gaba, kowanne na cin wajen lita 45, sai ka ɗaga kujera kake zuba mai. Zuƙe tsohon man duka, fetur ɗin da ya shekara a kwance ya riga ya zama danƙo, warinsa ma ya canza. Haska tocila ciki, in ka ga tsatsa to sauke tankin a wanke a shanya, in ya hude a kai wa masu walda bayan an cika shi da ruwa an wanke sosai. Sai ɗan famfon da ke sauya tanki, shi ma in abin da ke toshe shi ya bushe iska yake ja, motar ta riƙa yi kamar mai ya ƙare alhali tanki cike. Tiyon roba kuwa ni ba na duba shi, canzawa kawai nake, kuɗinsa bai kai na jan mota daga daji ba.

Famfon mai yana jikin inji da ɗan kofin gilashi a ƙasa. Kwance kofin ka zubar da ruwa da laka, wanke rariyar, ka tabbata robar bakinsa ta zauna daidai. Akwai ɗan hannu a jikinsa, cire tiyon da ke zuwa kafireto ka sa a kwalba ka danna, mai ya fito da ƙarfi. In kana jin warin fetur a baƙin mai to fatar cikin famfon ta fashe. Ƙara ƴar filta kafin kafireto, musamman in kana shan man ƴan bumburutu.

Yanzu kafireto. Na farkon IIA Solex ne, daga baya suka koma Zenith 36IV, kuma a nan ne mutane ke shan wahala. Alamar matsalar ita ce baƙin hayaƙi a salansa, fulogi baƙi ƙirin, mota na shan mai kamar rami, kuma ko ka murɗa sukurun haɗin mai da iska har ƙarshe injin bai mutu ba. Mai ne ke zuba ta bayan fage. A cikin Zenith akwai wani zoben roba da ke zagaye maƙogwaron, in ya bushe ko ya lotse mai yakan tsallake jet, ƴan ramukan da ke auna mai, ya wuce kai tsaye, to komai saitin da za ka yi aikin banza ne. Sabo za ka sa, ba a lallaɓa tsoho da gam. Sannan ƙarfen kafireton kan lanƙwashe saboda zafi da kuma masu ɗaure sukurori kamar suna fushi da su. Cire duk abin da ke jikin murfin, shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi, ka goga fuskar a hankali kana juyawa har ko'ina ya yi haske iri ɗaya, kar ka ci ƙarfen da yawa. Wanke jet da fetur ka hura iska, ban yarda da zura waya ba don faɗaɗa ramin take yi. Kifa murfin ka auna tsayin fulot, abin da ke yawo a kan mai yana rufe hanyarsa in ya cika, wajen milimita 33 daga fuskar gasket, ka girgiza fulot ɗin a kunne ko mai ya shiga ciki.

Mayar da komai da sabon gasket, ɗaure sukurori a gicciye. Zuba sabon baƙin mai a tukunyar filtar iska, da ƙurar hunturu wannan ba wasa ba ne. Danna hannun famfo har kafireto ya cika, tada mota ta yi zafi, mayar da cok, sannan ka saita silo wajen juyin inji 500 a minti. In har yanzu tana tari, duba taimin da kontak, wato ɓangaren ba fulogi wuta.