Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yara sauraro da tattauna labari

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar 'yan aji ɗaya a Mabera ko Runjin Sambo, cikin birnin Sakkwato, ya san wannan amon: malam ya karanta jimla, aji ya ɗauka da murya guda. Biyawa tana da ranarta wajen koyon baƙaƙe da wasula, amma kuskure ne babba a ɗauke ta a matsayin fahimta. Yaro kan haddace shafi sukutum, a tambaye shi "don me akuyar ta gudu?" sai ya yi tsuru-tsuru. Tun 1986 masana biyu, Gough da Tunmer, suka nuna cewa fahimtar karatu ƙafa biyu gare ta: iya haɗa baƙi, da gane magana idan an ji ta da kunne. Mu kuwa ƙafa ɗaya muke ta yi wa takalmi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A ware minti 10 zuwa 15 kullum, yara su rufe littattafansu, malam ya karanta musu labari a tsanake, yana sauya murya, ba mai maimaitawa. Littattafan Mu Karanta, waɗanda shirin ilimi na NEI Plus na hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ya kawo makarantun Sakkwato da Bauchi, sun ba karatun labari da tambayoyi gurbi a cikin darasi, amma idan lokaci ya ƙure wannan gurbin ake fara tsallakewa. Gara a sa shi da safe, kafin zafi ya sauko yara su fara gyangyaɗi.

Sai tambayar nan ta "Kun gane?" Amsarta ɗaya ce har abada: "E, Malam!" A daina yin ta. A tanadi tambayoyi uku kafin a shiga aji, a rubuta su da fensir a gefen shafi. Ta farko amsarta na cikin labarin: wa ya tafi kasuwa? Ta biyu sai an yi tunani: me ya sa ya ɓoye albasar? Ta uku ta taɓo rayuwar yaron: da kai ne, ya za ka yi? Malamai da yawa a ta farko suke tsayawa, alhali tattaunawa daga ta biyu take farawa. Kada kuma a yi ta katse labarin a kowane layi. Tsayawa biyu ko uku ta isa, in ba haka ba zaren ya tsinke wa yaro.

Rashin jira ma yana kashe magana. Wata masaniya 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba su cika jiran fiye da daƙiƙa ɗaya ba bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. A yi tambaya, a ƙirga biyar a zuci, sannan a nuna mai amsa. Shirun zai yi wa malam nauyi a kwanakin farko. A daure.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta game da 'ya'yanmu. A gida an koya musu kada su tsoma baki a maganar manya, kada su kalli babba ido cikin ido, kuma tarbiyya ce mai kyau. Don haka shirun yarinyar da ke can baya ta sunkuyar da kai ba daƙiƙanci ba ne, sau da yawa kunya ce. Idan aka bar amsa ga masu ɗaga hannu, yara huɗu ko biyar na gaba ne za su yi ta magana har zango ya ƙare. A ce, "Kowa ya juya ga na kusa da shi, ya gaya masa abin da yake zato zai faru." Minti ɗaya. Daga nan a ce, "Ke, me ƙawarki ta ce?" Faɗin maganar wani ya fi sauƙi ga mai kunya, kuma dole sai ta saurara kafin ta iya faɗa. Dorina a bisa tebur kuwa ba ta haɗa hanya da wannan darasi.

Wani kuskuren namu ne na Sakkwato. Littafi an rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, yaro kuma da Sakkwatanci ya tashi. An tambaye shi, ya ce "shina kuka don uwatai ta tahi," sai malam ya yi caraf: "Yana kuka ake cewa!" Yaron ya gane labarin sarai, amma abin da ya koya shi ne bakinsa bai yi ba, gobe ba zai sake buɗe shi ba. A karɓi amsar, a yaba, sannan a maido masa da ita cikin ruwan sanyi: "Madalla, yana kuka saboda uwarsa ta tafi." Gyaran ƙa'ida ya jira darasin rubutu. Yaron da Fulatanci ko Zabarmanci ne harshen gidansu yana bukatar ƙarin haƙuri fiye da haka.

Kalmomi masu wuya a warware su kafin a fara, biyu ko uku kawai. Ɗan bakin gulbin Rima ya san kwalekwale, amma "teku" sai an kwatanta masa. Abin da za a iya ɗaukowa, faifai ne ko ludayi, a kawo shi aji a nuna.

Labari kuma ba a karanta shi sau ɗaya a wuce. Litinin a saurara, Laraba a sake a zurfafa tambaya, Alhamis yara su ba da shi da bakinsu da yatsu uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Wanda ya tsallake yatsan tsakiya, nan ne bai ji ba, nan za a koma.

Iyaye kan ce ba su yi boko ba, me za su iya? Tatsuniya ta wadatar. Bayan sallar isha'i, Inna ko Kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku," idan Gizo ya iso bakin rumbu ta dakata ta tambaya, "To, me kuke jin zai yi?" Ta bari ƙaramin cikinsu ya fara amsawa, kafin yayyensa su riga shi.