Yadda na kawar da zizar da ke shiga rikodin fiyanona

Alhamdu lillahi, zizar nan ta mutu. A ɗan sutudiyona a Garwa, duk lokacin da na ɗauki sautin fiyanon lantarki sai wata ƙara siririya ta biyo kiɗan, tana ƙaruwa idan na motsa linzamin kwamfuta. Kayan kiɗan cikin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, kuwa tas suke fita, don sautinsu ba ya bi ta waya.

Na canza wayar sauti, na rage ƙarfin shigarwa, na sa matatar da ke yanke 50 Hz, wato bugun wutar lantarkinmu a Kamaru. Bas ɗin, wato sauti mai kauri, ya rame, zizar tana nan. Har wani abokin sana'a ya ce in sayar da fiyanon in koma manhaja kawai. Ban yarda ba, yatsuna sun saba da shi.

Ashe fiyanon ta hanya biyu yake haɗe da kwamfuta: wayar USB, da wayar sauti ta cikin katin sauti. Dattin wutar kwamfuta sai ya samu hanyar zagayawa. Ina zare USB ɗin, shiru.

A madadin USB ɗin, sai na haɗa MIDI OUT (mafitar saƙon maɓallan da na danna) na fiyano da MIDI IN (mashigar saƙon) na katin sauti da wayar MIDI mai fil 5, wadda mashigarta da haske take karɓar saƙo, wuta ba ta ƙetarawa. Na jona komai a soket ɗaya. Na saita ingancin rikodi a 24 bit, 48 kHz, ƙololuwar sauti wajen -12 dB, na cire matatar, bas ya dawo.

Godiya ga mai gyaran rediyon unguwarmu da ya ce in riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya.