Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen lissafa pI na amino asid

Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su. Matakin pH (ma'aunin tsamin ruwa) da jimillar cajin amino asid ke komawa sifiri shi ake kira pI, kuma ana lissafa shi ne daga pKa, wato matakin pH da rabin wani rukuni na ƙwayar ya riga ya saki furotonsa (H⁺). Ga gilaisin lissafin ba shi da wuya, domin rukuni biyu ne kaɗai ke karɓa ko sakin furoton, wato kabokzil mai pKa 2.34 da amin mai 9.60, a haɗa su a raba biyu, a sami 5.97. Rikici yana tasowa ne idan reshen gefe, wato ɓangaren da ya bambanta wani amino asid da wani, shi ma yana da nasa pKa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya tara lambobi ukun ya raba uku. Laisin yana da 2.18 (kabokzil) da 8.95 (amin) da 10.53 (reshe), wanda ya bi wannan hanya zai sami 7.22, alhali amsar 9.74 ce. Wani kuma yakan manta da reshen gaba ɗaya, ya haɗa na kabokzil da na amin kawai, sai ya ba asfatik asid 5.74 maimakon 2.77.

Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma a ganina ya fi haddar kowace dabara amfani. A zana ƙwayar a cikin ruwa mai tsananin tsami, inda kowane rukuni ke riƙe da furotonsa, a rubuta cajinta a ƙasa, sannan a riƙa cire furoton ɗaya bayan ɗaya bisa jerin pKa daga ƙarami zuwa babba. Laisin yana farawa da +2, idan aka wuce 2.18 ya koma +1, bayan 8.95 ya zama sifiri, bayan 10.53 kuma −1. Tunda siffar da ba ta da jimillar caji tana tsakanin 8.95 da 10.53, su biyun nan kawai ake haɗawa a raba.

Sistiyin yana yaudarar mutane da dama, saboda pKa ɗin reshensa 8.18 ne, sai su ɗauka ɗan'uwan laisin ne. Amma rukunin SH da ke reshen nasa ba shi da caji muddin yana riƙe da furotonsa, sai ya sake shi yake zama −1, don haka 1.96 na kabokzil ɗinsa da 8.18 na reshen ake ɗauka, amsar ta fito 5.07. Haka nan naitirojin da ke reshen asfarajin na amaid ne, wanda ba ya karɓa ko sakin furoton a irin wannan yanayi, don haka ba ya shiga lissafi.

Akwai kuma masu zaton a pI ƙwayar ba ta ɗauke da caji ko kaɗan. Tana ɗauke da + da − a lokaci guda, daidaituwa kawai suka yi, shi ya sa narkewar furotin a ruwa takan ragu sosai a wannan mataki. Duk wanda ya ga madara ta kwana a ƙwarya ta zama kindirmo ya ga wannan da idonsa: tsami ne ya sauko da pH daga kusan 6.7 zuwa wajen 4.6, inda furotin ɗin madara mai suna kesin ke dunƙulewa.