Kurakuran da aka fi yi wajen ba lemu taki da ruwa

Mai lambu yakan zuba wa lemu taki, ya jira ganye ya yi kore shar, shiru. Sai ya ce takin jabu ne. Sau da yawa takin lafiyarsa ƙalau, hannun mai ban ruwa ne ya salwantar da shi.

A fara da yuriya. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, amma in aka watsa ta a kan ƙasa mai ɗanshi aka bar ta a sarari cikin zafi, wani kaso yakan zama iskar amoniya ya tashi. A tona kaɗan, a zuba, a rufe, a ba da ruwa ranar.

Sai dai a nan ne wasu ke wuce gona da iri. An zuba taki, sai a saki injin ban ruwa har kwami ya cika ya tumbatsa, wai don takin ya shiga sosai. Yana shiga kuwa, har ya wuce inda ake so! Ƙananan saiwoyin da lemu ke ci da su ba su da zurfi, galibinsu suna cikin ƙafa biyu na sama. Naitirojin kuma, da ya rikiɗe a cikin ƙasa, ba ya manne mata, ruwa yake bi. A jigawa ruwa mai yawa sai ya gangara da shi ƙasa da saiwa. A ƙasar laka kuma ruwan kwanciya yake yi, saiwa ta rasa iska ta daina jan abinci. Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi ambaliya sau ɗaya. Mai tiyon ɗigo da ke narka taki a ruwa shi ma kada ya bar shi yana ɗiga awowi bayan takin ya ƙare. A ɗauraye tiyo kawai a kashe.

Tara taki a jikin gindi ma asara ce. Saiwar da ke ci tana wajen inda inuwar rassa ta ƙare, can za a zagaya da shi. Ruwan ma kada ya taɓa gindin, don yana jawo ciwon da ke sa bishiya tsiyayar ƙaro.

Akwai mai juye takin shekara a rana ɗaya, kamfa da yuriya, ya huta. A raba shi uku ko huɗu, ana farawa gab da sabon toho da fure.

Kuma ba kowane rawayan ganye ne yunwar naitirojin ba. Ita daga tsofaffin ganye take farawa, ganyen ya koɗe gaba ɗaya. In sabon ganye ne ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, a nemi ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na zink. Ƙara yuriya a nan, abin da zai haifar shi ne lemu mai kaurin ɓawo da ƙarancin ruwa.