Yadda ake amfani da kalmar "cease" a rubutun Turanci

Kalmar "cease" tana nufin dainawa ko gushewa, kuma an fi cin karo da ita a harshen hukuma, wato dokoki, takardun kotu da sanarwar ma'aikatu. Wanda ya bi sanarwar Babban Bankin Najeriya ta watan Oktoban 2022 zai tuna an ce tsofaffin takardun naira 200, 500 da 1,000 za su "cease to be legal tender" bayan 31 ga Janairun 2023, ma'ana za su daina zama kuɗin da doka ta yarda a karɓa. Haka nan sashe na 144 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yi amfani da "cease to hold office" wajen bayyana yadda shugaban ƙasa ko mataimakinsa zai rabu da kujerarsa idan rashin lafiya ya hana shi aiki.

Kafin ka rubuta ta, duba abin da ya tsaya. Idan aiki ne ko wani hali da ya zo ƙarshe, kamar kamfani ya daina ciniki ko mayaƙa su tsagaita wuta, "cease" ta dace, daga nan ma aka samo "ceasefire". Amma idan mota ce ta tsaya a tasha, ko ɗan sanda ya tare mutum a hanya, to "stop" kaɗai ce za ta yi. Ɗalibai da dama suna ɗauka cewa "cease" ita ce "stop" ta masu ilimi, sai su cusa ta ko'ina domin burge mai duba jarrabawa, alhali hakan yana rage musu maki ne.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne abin da ke biyo bayan kalmar. "He ceased to speak" da "he ceased speaking" duk ma'anarsu ɗaya ce, ya daina magana. Ga "stop" kuwa ba haka abin yake ba, domin "he stopped speaking" na nufin ya yi shiru, yayin da "he stopped to speak" ke nufin ya dakatar da abin da yake yi domin ya yi magana. Saboda haka, wanda zai ce Tarayyar Sobiyet ta gushe a 1991 sai ya rubuta "ceased to exist", kada ya rubuta "stopped to exist".

Sai kuma lafazi. Ƙarshen "cease" sautin "s" ne, na "seize" kuwa sautin "z" ne, kuma "seize" tana nufin ƙwacewa ko kamewa. Idan jami'an kwastan sun kama buhunan shinkafa a kan iyaka, "seized" za a rubuta a rahoto.