Yadda Ɗalibi Zai Shiga Falsafar Turai ta Ƙofar Manɗiƙi

Ɗalibai da yawa a Katsina ba sa haɗuwa da falsafar Turai sai a darasin gama-gari da jami'o'in Najeriya ke ɗora wa kowa, ko lissafi yake karantawa ko shari'a, kuma akasarinsu sukan haddace sunaye da shekaru saboda jarrabawa, su fito ba tare da wani abu ya zauna musu ba. Wasu kuma da ɗari-ɗari suke shiga ajin, domin sun ji an ce falsafa tana gurɓata aƙida. Shawarata ga wanda yake son ya fahimci wannan fanni da gaske ita ce ya fara da manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, kafin ya taɓa ra'ayin kowane masani, domin wanda bai iya rarrabe hujja mai inganci da gurguwa ba, duk littafin da ya karanta a ƙarshe shi zai tafi da shi.

Abu na farko da ya kamata Bakatsine ya sani shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a garinsa. Aristotal, mutumin Girka da ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fara tsara manɗiƙi a matsayin fanni, kuma an tattara abin da ya rubuta a kansa cikin littattafai 6. An mayar da su Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, sannan Farabi, wanda ya rasu a 950 Miladiyya, da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, suka yi musu sharhi suka faɗaɗa su. Shehu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ma sun yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi a kansa, shi yana kāre fannin, Suyuɗi yana ganin haramcinsa, kuma wannan Suyuɗin ne ya aiko da wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim. Haka nan Abdurrahman Al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, mai littafin Ahalari da kusan kowane almajiri ya fara fiƙihu da shi, shi ne ya wallafa Sullam a shekarar 941 ta Hijira, waƙa mai baitoci 140 da 'yan kai wadda ta taƙaita manɗiƙin Aristotal. Saboda haka wanda yake jin Larabci, ya nemi malamin zaure da ya karanci Sullam ya zauna gabansa, zai tarar cewa wani babban ɓangare na abin da ake koyarwa a jami'a da Turanci yana nan a ciki.

A cikin Sullam ɗin ma an kawo saɓanin malamai: Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a san shi, kuma magana mafi shahara ita ce halaccinsa ga mai cikakken hankali wanda ya riga ya zauna da Alƙur'ani da Sunna. Ni ina ganin wannan sharaɗi ya dace da karatun falsafa baki ɗaya. Kada ɗalibi ya ajiye karatunsa na addini domin wannan, ya riƙa tafiya da su tare, kuma duk abin da ya shige masa duhu ya kai shi ga malaminsa, kada ya ɓoye shi a zuci.

Aikin farko ba ya buƙatar littafin kowa, sai littafin rubutu da alƙalami. Ɗalibi ya ɗauki wata magana da ya ji a rediyo ko a majalisa ko a WhatsApp, ya fara rubuta abin da mai maganar yake son a yarda da shi, wanda ake kira natija, sannan ya rubuta dalilan da ya jingina da su, waɗanda ake kira muƙaddimomi. Kalmomi irin su "saboda haka" da "ke nan" sukan zo tare da natija, "tunda" da "domin" da "ai" sukan zo gaban muƙaddima. A ɗauki maganar dattijon da ya ce wa ɗansa, "Kada ka sayi gero yanzu, tunda kaka ta kusa." Natijar a fili take, muƙaddima ɗaya ma a fili take, amma akwai wasu biyu da bai furta ba, wato cewa farashin gero yana sauka da kaka, da kuma cewa abin da ke cikin rumbu zai kai gidan zuwa lokacin. Idan ɗan zai yi musu da hujja, a kan waɗannan biyun zai yi, domin zuwan kaka ba abin jayayya ba ne. Mafi yawan gardamar da ke cinye dare a majalisa a kan muƙaddimar da ba a furta ba take, shi ya sa tono ta shi ne rabin aikin.

Daga nan sai ƙiyasi, wanda shi ne ƙashin bayan manɗiƙin Aristotal: muƙaddima biyu da ke haifar da natija ta hanyar wata kalma da ta haɗa su. Duk garin da ke cikin Jihar Katsina yana cikin Najeriya. Daura tana cikin Jihar Katsina. Saboda haka Daura tana cikin Najeriya. Wanda ya yarda da biyun farko ba shi da hanyar ƙin ta uku, kuma wannan tilascin shi ake nufi da ingancin hujja. Yanzu a dubi wannan: duk Bakatsine ɗan Najeriya ne, Bakano ɗan Najeriya ne, saboda haka Bakano Bakatsine ne. Muƙaddimomin duka gaskiya ne, natijar kuwa ƙarya ce, domin kalmar da ta haɗa su, wato "ɗan Najeriya", ta fi kowane ɓangare faɗi, ba ta ɗaure su wuri ɗaya ba. A nan kowa zai gane kuskuren saboda natijar abin dariya ce, amma wannan siffa ɗin ce ake amfani da ita kullum wajen ɓata mutane, kamar a ce ɓarayi suna yawon dare, wane ma yana yawon dare, saboda haka wane ɓarawo ne. Hanyar gwada kowace hujja ita ce a cire kalmominta a bar siffarta, a zuba wasu kalmomin da aka san gaskiyarsu. Idan aka samu muƙaddimomi na gaskiya sun haifi ƙarya ko sau ɗaya, siffar ta faɗi.

Wajibi ne ɗalibi ya daɗe a kan bambancin inganci da gaskiya, domin nan ne mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe. Duk tsuntsu yana tashi sama. Jimina tsuntsu ce. Saboda haka jimina tana tashi sama. Siffar wannan ƙiyasi ba ta da aibi, amma muƙaddimar farko ƙarya ce, don haka natijar ta lalace. Manɗiƙi kamar tiya yake a kasuwar hatsi, tana gaya maka ko awo ya cika, ba ta gaya maka ko geron na bana ne ko wanda ƙwari suka cinye. Gaskiyar muƙaddima daga wani wurin ake samo ta, daga gani da ido, ko bincike, ko nassi ga abin da ya shafi addini. A nan ne kuma zai koyi cewa maganar da ta fara da "duk" misali ɗaya ya isa ya rushe ta, kamar yadda jimina ɗaya ta isa, ba sai an tabbatar da cewa babu tsuntsun da ke tashi ba.

Sai hujja mai sharaɗi. Idan an yi ruwan sama ƙasa za ta jiƙe. An yi ruwa. Ƙasa ta jiƙe ke nan. Wannan daidai ne, haka ma idan aka ce ƙasa ba ta jiƙe ba, saboda haka ba a yi ruwa ba. Amma wanda ya fito ya ga ƙofar gida a jiƙe ya yanke cewa an yi ruwa, ya manta cewa mai yiwuwa ɗan garuwa ne ya yi ɓari.

Akwai kuma hujjar da ba ta tilasta natija, sai dai ta ƙarfafa zato, wadda ake kira istiƙra'i, wato a bi misalai da yawa a fitar da hukunci na gaba ɗaya. Da ita manomi yake aiki, da ita likita yake aiki, kuma haɗarinta shi ne gaggawa. Mutane da dama sun yarda cewa shan mangwaro yana kawo zazzaɓi, domin sun ga yara sun sha mangwaro sannan sun kwanta, alhali ƙarshen lokacin mangwaro yana haɗuwa da faɗuwar damina, lokacin da sauro ke ƙaruwa, kuma cizon sauro ne ke yaɗa zazzaɓin. Zuwan abu bayan wani abu ba ya nuna cewa na farkon ne sanadi. Ɗalibi ya haɗa wannan da sauran kurakuran da aka saba, irin sukar mai magana maimakon maganarsa, da kafa hujja da yawan masu faɗa, da tsare mutum tsakanin zaɓi biyu alhali akwai na uku, ya riƙa nemo misalansu daga bakin mutane, har da bakinsa.

Bayan wannan ne karatun masanan zai yi amfani, kuma a bi su bisa jerin zamani, domin kowannensu amsa yake ba wanda ya gabace shi. An saba farawa da Talis na garin Miletus, a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya ce asalin kome ruwa ne. Amsar ba ta tsaya ba, amma salon neman dalili a cikin halitta ya tsaya. Sukurat bai rubuta kome ba, tambaya yake yi wa mutanen Atina a kan ma'anar adalci da jarunta har sai sun ga ba su san abin da suke zaton sun sani ba, kuma a shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka yanke masa hukuncin kisa da shan guba. Almajirinsa Aflatun ne ya rubuta hirarrakinsa, kuma gajeren bayanin kāre kai da Sukurat ya yi a gaban kotu shi ne mafi dacewa a fara da shi. Aflatun ya koyar da Aristotal. Ƙarnoni bayan haka Turai ta sake sanin Aristotal sosai ta hanyar fassarori, da yawansu daga Larabci, da sharhin Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, kuma malamin Kirista Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya karanta shi ya kuma yi jayayya da shi.

Falsafar zamani ta taso ne a kan tambaya guda, wato daga ina sani yake zuwa. René Descartes na Faransa, a 1637, ya jingina shi da hankali. John Locke na Ingila, a 1690, ya ce daga gani da ji da taɓawa yake farawa. David Hume na Sukotland, a 1739, ya bi wannan hanya har ƙarshenta, ya ce ba ma ganin sanadi da ido, abin da muke gani kawai shi ne wani abu yana bin wani, sabo ne ke sa mu tsammaci gobe za ta yi kama da jiya. Wanda ya karanci Gazali zai tuna cewa ya riga ya tayar da irin wannan tambaya da misalin wuta da auduga, ko da yake inda ya dosa daban ne. Immanuel Kant, Bajamushe, a 1781 ya yi ƙoƙarin sulhunta ɓangarorin biyu, kuma rubutunsa yana da tsauri ƙwarai, kada mai farawa ya tunkare shi sai da littafin sharhi.

Game da yadda ake karatun kansa, shafi biyu ko uku sun isa zama ɗaya. Ɗalibi ya fitar da natija da muƙaddimomi kamar yadda ya yi wa maganar gero, ya faɗi hujjar da Hausa a cikin siffarta mafi ƙarfi, yadda mai ita zai ji ya ce haka nake nufi, sannan ne zai nemi inda take da rauni. Haka Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi: sai da ya rubuta littafi yana bayyana manufofin masana falsafa, ya kuma rubuta wani yana rushe abin da yake ganin ɓata ne a cikinsu, alhali manɗiƙin kansa ya riƙe shi har ya shigar da shi cikin usulul fiƙihu. A gwada da Descartes. Ya ce zai yi shakkar duk abin da za a iya shakka. Ido yana ruɗi, mafarki yana kama da farke, amma shakkar kanta tunani ce, kuma tunani ba ya yiwuwa sai da mai yin sa, saboda haka shi yana nan. Tambayar da ɗalibi zai rubuta a gefe ita ce, shin wannan ya tabbatar da mutum mai jiki da suna da tarihi, ko kuwa samuwar tunani kawai a wannan lokacin? Yana da kyau a samu aboki ɗaya na muraja'a, ɗaya ya kāre hujja ɗaya ya soke ta, sannan su yi musanya. Tsofaffin littattafan nan akwai fassararsu ta Turanci kyauta a intanet, haka ma kundin falsafa na Jami'ar Stanford.

Wanda ƙiyasi ya zauna masa, musamman ɗalibin lissafi ko na kwamfuta, sai ya wuce zuwa manɗiƙin alamomi. George Boole a 1854 ya nuna cewa ana iya sarrafa "da" da "ko" da "ba" kamar lissafi, Gottlob Frege a 1879 ya shimfiɗa tsarin da ya zarce na Aristotal faɗi, sannan Claude Shannon a 1937 ya nuna cewa lissafin Boole ya dace da makunnan lantarki, wanda a kansa aka gina kwamfuta da wayar hannu. Mafarin wannan mataki shi ne jadawalin gaskiya da ƙarya: a ba kowace magana harafi, a jera duk yiwuwar kasancewarta gaskiya ko ƙarya, layi 4 ga magana biyu, layi 8 ga magana uku, sannan a duba ko akwai layin da muƙaddimomi duka suka zama gaskiya natija ta zama ƙarya. Idan babu irin wannan layi hujjar ta inganta, idan kuwa akwai ko ɗaya ta faɗi.