Kafin ka shuka inabi, fara tona ƙasar ka gani

Jama'a masu tambayata kan noman inabi, tunda aka fara ganin na Kudan da ke jihar Kaduna a kasuwa kowa so yake ya kafa tasa rumfar inabin a gona, to ni dai abin da zan fara ce maka ɗan uwa shi ne ajiye maganar iri tukuna, ɗauki diga da shebur ka je inda kake son shukar.

Ka tona rami kamar mita 1, ka cika shi da ruwa da yamma ka tafi abinka. Da safe in ka tarar ruwan ya shanye to madalla, in kuma yana nan kwance wallahi ka haƙura da wurin, saiwar inabi ba ta jure zama cikin ruwa, ruɓewa take yi. Ni nawa na farko a fadama na sa shi don ina ganin ƙasar baƙa ce mai ƙarfi, ganye ya yi ta fita kore shar amma 'ya'ya ƙalilan, damina na yin nisa sai ga rabinsu sun yi yaushi, da na tuge ɗaya saiwar ta yi baƙi tana wari. Har yau abin yana min ciwo.

Ka duba ƙananan gonakin gado na Turai, inda iyali ɗaya ke riƙe da 'yan hekta kaɗan tun kaka da kakanni. Su giya suke yi da inabinsu, mu na ci muke nomawa, amma ilimin ƙasar ɗaya ne. A Medok kusa da birnin Bodo a Faransa tsakuwa ce fal, a yankin Shamfen farar ƙasa ce mai alli, a bakin kogin Mosel na Jamus kuwa gangaren tsauni ne da faffaɗan duwatsu masu riƙe zafin rana. Duk cikinsu ruwa ba ya kwanciya, saiwa ce ke nutsawa ƙasa ta nemo shi. Don haka a nan ma ka nemi jigawa mai ɗan laka a kan tudu, ka danƙi jiƙaƙƙiyar ƙasar a hannu, in ta dunƙule kuma ka taɓa ta wargaje to ita ce. Inabin ci yana son abinci fiye da na giya, sai ka gauraya ruɓaɓɓen takin shanu a ramin, banda ɗanye saboda gara.

Iri kuma reshe ake yanka daga bishiya mai lafiya, kaurin fensir, mai ido 3 ko 4, a rene shi a leda kafin dashe. Ka bar tazarar kamar mita 3 tsakani, ka kafa ginshiƙai ka ja waya, ka ɗaga reshe ɗaya tak ya hau rumfa, sauran duk ka cire su. Kuma kar ka ji tausayin aske rassa, sabon toho ne ke yin 'ya'ya.

Damina ita ce babbar matsala, wata farar fumfuna ke kama ƙarƙashin ganye. Maganin da manoman Bodo suka fara fesawa tun shekarun 1880, haɗin gishirin tagulla da farar ƙasa, har yanzu ana amfani da shi, sai dai ka tambayi malamin gona ma'auni kar ka ƙona ganye.

In ya fara nuna tsuntsaye ba sa ɗaga ƙafa, ka rufe da raga. Kuma inabi ba mangwaro ba ne da zai ƙarasa nuna a ɗaka, yadda ka tsinke shi haka zai zauna, don haka ka ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙasan nonon, in ta yi zaƙi sannan ka sa almakashi.